Tambaya: Ta yaya al'ummar Maori suka samu hannu a harkar su, ruwa da lantarki a Niyu Zilan?

Ɗan Masunta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da manyanmu na wannan zaure. Ni ɗan gidan su ne daga ƙasar Yawuri, kuma yanzu ina karatun kiwon kifi a jami'a. A wata lacca malaminmu ya ambata cewa al'ummar Maori, waɗanda Turawa suka tarar a Niyu Zilan, su ne masu rabin ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kifi na ƙasar, suna da tashoshin lantarki nasu, har ma an yi dokar da ta ba wani koginsu matsayin mutum. Maganar ta tsaya mini a rai, domin abin da na saba ji game da 'yan asalin ƙasa shi ne ƙwace da kora, idan an tausaya musu a ba su diyya sau ɗaya a wuce. Ina roƙon masana su warware mini abu biyu. Na farko, kyauta aka ba su ko ƙwata suka yi? Na biyu, mai ƙaramin jirgi irin iyayenmu ya amfana, ko amfanin ya tsaya a hannun shugabanni?

Malamin Shari'a:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙwata suka yi, kuma a gaban alƙalai suka ƙwata. Tushen maganar wata yarjejeniya ce da aka fara sa wa hannu ranar 6 ga Fabrairun 1840 a Waitangi, tsakanin wakilin Sarauniyar Ingila da sarakunan Maori. Sashe na biyu na nassin Ingilishi ya lamunce musu cikakkiyar mallakar filayensu da dazuzzukansu da wuraren sunsu muddin suna son riƙe su, nassin harshen Maori kuma ya lamunce musu sarauta da iko a kan ƙasarsu da garuruwansu da duk abin da suke ɗauka dukiya. Alkawarin ya kwashe sama da shekara ɗari yana kwance a takarda, har a 1877 babban alƙalin ƙasar ya ce yarjejeniyar ba ta da wani ƙarfi a shari'a. Sai a 1975 aka kafa hukumar Waitangi mai sauraron koken saɓa alkawarin, a 1985 kuma aka ba ta ikon komawa baya ta binciki abin da ya faru tun daga 1840.

Abin da ya buɗe ƙofar su, gwamnati ce ta kawo shi da hannunta. Da ta ga kifin bakin teku yana raguwa, a 1986 ta shigo da tsarin kason kamu: kowace shekara a ƙayyade nauyin da za a kama na kowane jinsin kifi a kowane yanki, a yanka wannan nauyi kaso-kaso, kason kuma ya zama dukiya ta dindindin da ake sayarwa, ake ba da haya, ake jinginarwa a banki. An raba kason ne bisa yawan kifin da mutum ya saba kamawa a shekarun baya. To amma tun a 1983 an riga an janye lasisin waɗanda su ba shi ne kaɗai sana'arsu ba, kuma da yawan Maori na arewacin ƙasar haka suke rayuwa, wani lokaci su, wani lokaci noma ko aikin ƙodago, don haka aka yi rabo ba su a wurin. Hujjar da suka kai kotu mai sauƙin fahimta ce. Tunda gwamnati ta mai da kifin teku dukiyar da ake mallaka har tana rabawa, sai ta faɗi ranar da ta saye shi daga hannun waɗanda ta yi wa alkawari a 1840, alhali dokar su ta 1983 ita kanta ta ce babu abin da ke cikinta da zai taɓa haƙƙin su na Maori. A 1987 babbar kotu ta dakatar da ci gaba da rabon, a 1988 kuma hukumar Waitangi ta fitar da rahotonta kan ƙabilun Muriwhenua na can arewacin ƙasar, wanda ya tabbatar da cewa sun daɗe suna su na kasuwanci kafin a ture su gefe.

Daga nan aka zauna ciniki. A 1989 aka yi sulhun wucin gadi da ya ba su kashi 10 cikin ɗari na kason da dala miliyan 10 na kuɗin ƙasar. A 1992, da aka sa babban kamfanin kifi na Sealord a kasuwa, gwamnati ta ba da dala miliyan 150 don su sayi rabinsa, tare da alkawarin kashi 20 cikin ɗari na duk jinsin kifin da za a shigar cikin tsarin nan gaba. Cikin waɗanda suka jagoranci cinikin akwai Tipene O'Regan da Robert Mahuta da Matiu Rata da Graham Latimer. Abin da suka bayar a madadi ba ƙarami ba ne, domin dokar ta rufe duk wata da'awar su na kasuwanci har abada, shi ya sa wasu ƙabilun suka ƙi sa hannu, wasu suka kai ƙara har kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a 2000 bai ba su gaskiya ba.

A yau abin da ke hannunsu ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na kason ƙasar, ɗaya rabin na Sealord kuma yana hannun kamfanin Nissui na Japan. Idan kana son ganin nauyin wannan mallaka, dubi abin da ya faru a 2015, lokacin da Firaminista John Key ya sanar da cewa za a hana su baki ɗaya a tekun da ke kewaye da tsibiran Kermadec ba tare da an shawarce su ba. Hukumar amanarsu ta su, Te Ohu Kaimoana, ta garzaya kotu, aka yi shekaru ana jayayya, daga ƙarshe a 2024 gwamnati ta janye shirin. Da shawara kawai ake neman su ba su da kaso a hannu, da tuni an wuce wurin.

Tsohon Jami'in Su:

Malam ya yi bayanin shari'a yadda ya kamata, amma tambayar yaron nan ta biyu ita ce ta fi damuna, domin na ƙare aikin gwamnati ne tsakanin masunta, na kuma san bambancin mai takarda da mai taru.

Ka sani, ɗana, bayan 1992 an shafe shekara goma sha biyu ana rigimar rabo tsakaninsu. Ƙabilun da ke da dogon bakin teku, irin Ngai Tahu na tsibirin kudu, suka ce a raba bisa tsawon gaɓa. Ƙabilun da suka fi yawan jama'a, irin Ngapuhi na arewa, suka ce a raba bisa yawan mutane. Ƙungiyoyin Maori mazauna birane, waɗanda da yawansu sun yi nisa da garuruwan kakanninsu, suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Shari'a ta kai har Landan. Sai a 2004 aka yi dokar da ta raba kifin kusa da gaɓa bisa tsawon gaɓa, na tsakiyar teku kuma kashi uku cikin huɗu bisa yawan jama'a, ragowar bisa gaɓa.

Bayan rabon, ƙabila mai ƙaramin kaso ba ta da ƙarfin sayen jirgin da ke kwana a tsakiyar teku, don haka hanya mafi sauƙi ita ce ta ba da hayar kason kowace shekara ga babban kamfani, ta karɓi kuɗi, ta biya wa yara kuɗin makaranta, ta gyara zauren taron gari. Alheri ne, ban musa ba. Amma wanda aka janye wa lasisi a 1983 bai koma ruwa ba, ɗansa kuma ya tashi bai san lokacin da kifi ke ƙwai ba. Har ma an kai lokacin da jiragen haya na ƙasashen waje ne ke kama wani ɓangare na kason ƙasar, ciki har da na ƙabilu, da ma'aikata 'yan ci-rani waɗanda bincike ya nuna ana zaluntarsu, abin da ya sa aka yi dokar da ta tilasta wa jiragen ɗaukar tutar Niyu Zilan daga 2016. Ni ban yarda a kira wannan cikakken shiga sana'a ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɓangaren da ba na kasuwanci ba. Dokokin da suka biyo bayan 1992 sun amince da masu kula da ruwa da ƙabila ke naɗawa, su ne ke ba da izinin kamu don jana'iza ko taron gari, sun kuma amince da keɓe wuraren su da jama'ar yankin ke tsara wa ƙa'ida. Suna da wata al'ada da suke kira rahui, wato rufe ruwa na wani lokaci har kifi ya farfaɗo. Duk wanda ya san aikin Sarkin Ruwa, ko ya ga fashin ruwa a ƙasar Kabi, ba sai an fassara masa ba. Bambancin shi ne a can ƙabila na iya neman minista ya mara wa rufewar baya da ƙarfin doka, wanda ya karya a gurfanar da shi.

Baƙuwar Waikato:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ina karatu ne a Hamilton, garin da kogin Waikato ya ratsa ta tsakiyarsa, kuma ina so in gyara fahimtar da ɗan'uwanmu ya ɗauko daga lacca, domin maganar ruwan daɗi ba ta kai inda maganar kifin teku ta kai ba.

Gaskiya ne a watan Maris na 2017 majalisa ta yi dokar da ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a shari'a, daga tushensa a duwatsu har inda ya faɗa teku, bayan koke da ƙararrakin da suka faro tun shekarun 1870. Mutum biyu ne ke magana da yawun kogin, ɗaya ƙabilun kogin ke tsayarwa, ɗaya gwamnati. An biya diyyar dala miliyan 80, aka ware wasu miliyan 30 don gyaran lafiyar kogin. Mutanen wurin suna da zancen da suka gada, cewa su ne kogin, kogin kuma shi ne su, kuma ranar da dokar ta wuce an yi kuka da waƙa a zauren majalisa. Sai dai abin da dokar ta miƙa wa kogin shi ne kwarinsa, wato ƙasar da ruwan ke gudana a kai, a wuraren da da ma suke hannun gwamnati. Ruwan kansa ba a ba kowa ba, kuma tsarin lantarki na Tongariro, wanda ke karkatar da wani ɓangare na ruwan tun daga tushe, yana nan yana aiki.

A Waikato kuma abin da aka yi a 2010 shi ne riƙon haɗin gwiwa: hukuma mai mutum goma, biyar daga ƙabilun kogin, biyar daga gwamnati, da asusun dala miliyan 210 da za a kashe cikin shekara talatin wajen tsabtace shi. Babban abin da ke ɓata kogin shi ne taki da kashin shanu da ke gangarowa daga gonakin madara, ga kuma madatsun lantarki guda takwas da ke jere a kansa, waɗanda ke tare hanyar wani dogon kifi mai siffar maciji da suke kira tuna, abincin da suke karrama baƙo da shi. Kifin nan sai ya tafi tsakiyar teku yake hayayyafa, 'ya'yansa kuma su dawo su hau kogi, shi ya sa yanzu ake kamo 'ya'yan a gindin madatsa ta ƙasa a ɗauke su a mota a sake su a sama.

Dalilin da ya hana ruwa bin hanyar kifi shi ne matsayin da gwamnatoci suka daɗe a kai, cewa ruwa ba na kowa ba ne. Da wannan John Key ya amsa a 2012, lokacin da Majalisar Maori ta ƙasa ta ƙalubalanci sayar da hannun jarin kamfanin lantarki na gwamnati, Mighty River Power, wanda yanzu ake kira Mercury. Hukumar Waitangi ta ce a 1840 Maori suna da haƙƙi a kan ruwansu mai kama da mallaka, amma a 2013 kotun ƙoli ta bari aka ci gaba da sayarwar. Abin da ke ƙona musu rai shi ne, ruwan da aka ce ba na kowa ba, dokar kula da albarkatun ƙasa ta 1991 tana ba da izinin ɗibarsa na shekaru masu yawa ga wanda ya riga nema, izinin kuma yana ɗaga darajar gonar mai shi. Filayen Maori da yawa ba a riga an raya su ba a lokacin, don haka da suka zo nema sai suka tarar an rabe ruwan. A kan haka ne Ngai Tahu ta shigar da ƙara a 2020 tana neman kotu ta tabbatar da ikonta a kan ruwan yankinta.

Injiniyan Lantarki:

Malama ta taɓo lantarki, bari in ɗora daga nan. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na wutar Niyu Zilan daga makamashi mai sabuntuwa take fitowa, mafi yawa daga madatsun ruwa, sai kuma tururin ƙarƙashin ƙasa wanda ke ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A madatsun ruwa hannun Maori kaɗan ne. A tururi ne suka yi nisa, kuma dalilin fili ne.

Yankin Taupo da Rotorua ƙasa ce mai aman wuta, ruwan zafi na ɓuɓɓugowa da kansa, kuma da shi mutanen wurin suke dafa abinci da wanka da jinya tun kaka da kakanni. A 1953 gwamnati ta yi dokar da ta riƙe ikon amfani da wannan zafi, a 1958 ta buɗe tashar Wairakei, wadda ta kashe maɓuɓɓugan da ke tsartuwa a kwarin da ke kusa. A 1961 madatsar Ohakuri ta nutsar da mafi yawan maɓuɓɓugan Orakei Korako, a Ohaaki kuma, inda aka buɗe tasha a 1989, ƙasa ta riƙa lotsawa kusa da zauren taron Ngati Tahu, ƙabilar wannan yanki. Wannan shi ne zamanin da ake yi a kansu ba da su ba.

Amma tururi sai an haƙa rijiya ake kai masa, rijiya kuma a kan filin wani take tsayawa. A Mokai, arewa maso yamma da garin Taupo, filin na hannun wata amanar iyalai da ake kira Tuaropaki, wadda asalinta kiwon tumaki da shanu take yi. Da aka zo maganar tasha, amintattun suka ƙi tsayawa a matsayin masu ba da hayar fili, suka nemi rance suka gina da kansu. Tashar ta fara aiki a 2000, aka faɗaɗa ta har ta haura megawat 100, kashi 75 cikin ɗari nasu ne, ragowar na Mercury. Ba su tsaya ga sayar da wuta ba. Da zafin suke ɗumama manyan rumfunan gilashi na tumatir da tattasai, da shi kuma masana'antar madara ta Miraka, wadda Maori suka kafa, take busar da madara tun 2011. Ga tambayar Baba ta aikin hannu, a nan an fi samun amsa, domin rumfa da masana'anta suna ɗaukar mutanen yankin. Haka ma a Rotokawa, amanar Tauhara North No. 2 tana da kashi 35 cikin ɗari na tashar Nga Awa Purua da aka buɗe a 2010.

Kada a ɗauka abin ya game kowa. Filin da ya rage a hannun Maori bai wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari na ƙasar ba, kuma dokar 1993 da ke kare shi daga sayarwa ita ce ke sa bankuna ɗari-ɗari da karɓarsa jingina. Ƙabilar da aka ƙwace wa fili a ƙarni na 19, ko da tururin yana ƙarƙashin ƙasar kakanninta, ba ta da abin da za ta ɗora a teburin ciniki.

Ɗan Masunta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da na tsinta shi ne inda suka riƙe abu mai ƙidaya, kaso ko fili, sun samu kujera, inda kuma aka tsaya ga girmamawa da shawara har yanzu ana jayayya. Zuciyata ta tafi ga tafkin Kainji, wanda ya nutsar da tsohuwar Bussa da ƙauyukan masunta a 1968. Malam, akwai abin da za a iya ɗauka daga can a yi aiki da shi a nan?

Malamin Shari'a:

A yi hattara wajen gwada su, ɗan'uwa. Su suna da rubutacciyar yarjejeniya da kotunan ƙasarsu suka dawo suka ba ta nauyi. A Nijeriya dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamnoni, dokar albarkatun ruwa ta 1993 kuma ta ba gwamnatin tarayya iko da ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarkin ruwa, wadda aka yi dokarta a 2010, ayyuka take yi wa al'umma, ba ta ba su hannun jari a tasha. Don haka tambayar da ta dace da bincikenka ita ce ko al'ummar bakin tafki za ta iya riƙe wani abu da sunanta, lasisin wani yanki na ruwa ko kaso a kamfanin kiwon kifi cikin keji, sannan wa zai riƙe mata amanar, tunda ka ji shekarun da rabo ya ci a can.

Tsohon Jami'in Su:

Kafin ka kai ga wannan, ɗana, akwai aikin da ba ya jira. Abin da ya ƙarfafa ƙarar Muriwhenua shi ne dattawansu sun tsaya gaban hukuma sun lissafa wuraren sunsu da sunayensu, wasu da nisa cikin teku, sun faɗi alamomin tudu da suke daidaitawa don gane kowane wuri, da kifin da ake samu, da watan da ake zuwa. Idan ka koma gida hutu, ɗauki littafi ka zauna da Sarkin Ruwa da tsofaffin da suka san kogin kafin madatsa. Rubuta sunan kowane gurbi, gidan da ke da shi, lokacin da ake rufe shi da wanda ke buɗewa, da inda ake kafa gura da inda aka hana jan taru. Waɗanda suka yi su a kogin da hankalinsu kafin 1968 sun haura saba'in yanzu, don haka ka fara da su a wannan hutun.